Tsakanin Tsirkiya da Murya: Tarihin Faifan Rising Force na 1984

Gabatarwa

A duk inda ake kiɗa da waƙa akwai wata tsohuwar gardama da ba ta mutuwa, watau tsakanin makaɗi da mawaƙi wane ne maigida, wane ne bara. Mu ɗaliban adabi mun saba mu ɗauko waƙa mu rubuta baitocinta a takarda, mu feɗe jigo da salo, kiɗan kuwa mu bar shi a bakin ƙofa kamar takalmi. Wannan ne ya sa nake so in kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, in ba shi tarihin wani faifai wanda a cikinsa makaɗi ya juya al'amarin, ya hau gado, ya mai da mawaƙi baƙo.

Sunan faifan Rising Force, ya fito a shekarar 1984. Mai shi wani saurayi ne ɗan ƙasar Suwidin, Yngwie Malmsteen, ana faɗar sunansa na farko kamar Ingibe. Kiɗa takwas ne a cikin faifan. Shida daga ciki kiɗa ne zalla, biyu kaɗai ke da muryar mutum. Wannan lissafi na shida da biyu shi ne abin da zan bi diddiginsa: yadda aka yi aka kai gare shi, abin da ya haifar, da kuma dalilin da ya sa bai daɗe ba ko a hannun mai shi.

Asalin Kiɗan Ƙarfe

Irin kiɗan da muke magana a kai Turawa na kiransa hebi metal, ma'anarsa ƙarfe mai nauyi, don haka zan riƙa ce masa kiɗan ƙarfe. Ya tsiro ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, kuma ƙungiyoyi uku ake yawan ambata in ana zancen tushensa: Led Zeppelin da Deep Purple da Black Sabbath. Na ƙarshen nan 'yan Barmingam ne, garin maƙera da masana'antu, faifansu na farko kuwa ya fito a watan Fabrairu na 1970. Mai jitarsu, Tony Iommi, injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu tun yana ɗan shekara 17, duk da haka bai bar kiɗa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai jita mai aiki da lantarki, mai tsirkiya shida, wadda ake haɗawa da na'urar ƙara sauti a murɗa ta har sautin ya koma gurnani. Akwai babbar jita mai tsirkiya huɗu mai kaurin murya, akwai ganguna, wani lokaci da fiyano mai lantarki, sa'an nan akwai mawaƙi.

Tsarin waƙar ma sananne ne. Mawaƙi zai kawo baiti, a yi amshi, ya sake kawo baiti, a sake amshi, daga nan sai ya yi shiru na rabin minti ko minti guda, ya bar wa mai jita wuri ya nuna gwanintarsa, kafin ya dawo ya rufe waƙar. Wannan ɗan sarari da ake bar wa makaɗi shi zan kira fagen mai jita. In mai karatu ya riƙe wannan, to, ya riƙe kan zaren, domin tarihin da zan bayar tarihin faɗaɗar wannan fage ne har ya cinye gidan.

Waɗanda Suka Share Hanya

Ba rana ɗaya aka kai ga Rising Force ba. A shekarar 1975 mai jitar Deep Purple, Ritchie Blackmore, ya bar ƙungiyar ya kafa tasa, ya kuma sa sunansa a bangon faifan farko, watau Ritchie Blackmore's Rainbow. Amma daga cikin kiɗa tara na faifan, ɗaya ne kawai babu murya. Sauran duk Ronnie James Dio ne ke rerawa. A wannan shekarar dai Jeff Beck ya fitar da Blow by Blow, wanda kusan duka kiɗa ne zalla, ya kuma kai matsayi na 4 a jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Sai dai kiɗan Beck ya fi kusa da jaz, ba na ƙarfe ba ne.

A 1978 ƙungiyar Van Halen ta Amurka ta sa wani ɗan kiɗa mai suna Eruption a faifanta na farko. Tsawonsa bai kai minti biyu ba, amma a cikinsa Eddie Van Halen ya nuna wata dabara ta danna tsirkiya da yatsun hannu biyu a wuyan jita, wadda ta tada hankalin samari masu koyo a ko'ina. A 1980 Bajamushe Michael Schenker, wanda ya yi zama a Scorpions da UFO, ya fitar da faifai da sunansa. Kiɗa tara, biyu babu murya. A wannan shekarar kuma Randy Rhoads ya fito tare da Ozzy Osbourne, yana cusa salon tsoffin makaɗan Turai a cikin kiɗan ƙarfe, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Maris na 1982.

Abin lura a nan shi ne, duk da sunan mai jita ya fara hawa bangon faifai, lissafin bai canza ba. Kiɗa zalla ɗaya ne ko biyu, kamar gishiri a miya. Masu kamfanonin faifai da gidajen rediyo sun yarda cewa murya ce ke sayar da kaya.

Yaron Sitokholm

An haifi Malmsteen a birnin Sitokholm ranar 30 ga watan Yuni, 1963. Sunan da aka raɗa masa Lars Johan Yngve Lannerbäck. Daga baya ne ya ɗauki sunan gidan mahaifiyarsa ya ɗan sauya masa rubutu. Shi da kansa ya sha faɗa cewa abin da ya fara jan hankalinsa ga jita shi ne ranar da Jimi Hendrix ya rasu, 18 ga watan Satumba, 1970, sa'ad da talabijin ya nuna hoton Hendrix yana cinna wa jitarsa wuta a kan dandamali. A lokacin yana ɗan shekara 7. Bayan haka yayarsa ta ba shi faifan Deep Purple mai suna Fireball, ya zauna ya haddace duk abin da Blackmore ya kaɗa a ciki.

Da a nan ya tsaya, da ya zama ɗaya daga cikin dubban masu kwaikwayo. Abin da ya raba shi da su shi ne tsohon kiɗan Turai. Ya saurari Bach Bajamushe, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, da Vivaldi mutumin Italiya, sa'an nan ya ga gwanin gogen Turawa Gidon Kremer a talabijin yana kaɗa ayyukan Niccolò Paganini. Shi Paganini an haife shi a Janowa a 1782, ya rasu a 1840, kuma gwanintarsa a goge ta kai har mutanen zamaninsa na raɗe-raɗin cewa da shaiɗan ya ƙulla. Kiɗansa guda 24 masu wuyar gaske, waɗanda aka buga a 1820, har yau su ne zakaran gwajin dafi ga mai koyon goge. Yaron ya ƙudura a ransa sai ya yi wa jita abin da Paganini ya yi wa goge.

Bari in ɗan yi bayanin bambancin, don shi ne ƙashin bayan labarin. Yawancin masu jitar rok na farko daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka suka sha nono, kuma wannan kiɗa ya fi dogara ga tsani mai matakin sauti biyar. Malmsteen ya koma ga tsani mai mataki bakwai, musamman wani iri wanda ke da tazara mai faɗi tsakanin mataki na shida da na bakwai. Wannan tazara ce ke sa kunne ya ji ƙamshin kiɗan Larabawa ko na Andalus a ciki. Haka kuma ya riƙa warware sautukan da aka saba bugawa tare, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da matsanancin sauri, kamar yadda mai goge ke yi.

Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi aiki a wani shagon gyaran jita. A can ne ya ga wani tsohon abin kiɗa mai kama da garaya, wanda aka ƙwaƙule katakon wuyansa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ya gwada haka a jitarsa, ya ga yatsa ba ya taɓa katako sai tsirkiya kaɗai, don haka ya fi samun ikon jan sauti da girgiza shi. Tun daga nan bai bar wannan gyara ba, har kamfanin Fender ya fara ƙera jita da sunansa a 1988.

Zuwa Amurka

Kasuwar Suwidin ba ta da wurin irin wannan kiɗa a lokacin. Sai ya aika da kaset zuwa ga Mike Varney, mai wani ƙaramin kamfanin faifai a Kalifoniya mai suna Shrapnel, wanda kuma ke da fili a mujallar Guitar Player inda yake gabatar da sababbin makaɗa. Varney ya gayyace shi, ya sauka Amurka a farkon 1983 yana ɗan shekara 19.

Ya fara shiga wata ƙungiya mai suna Steeler, wadda Ron Keel ke yi wa waƙa. Faifai ɗaya suka yi tare, amma ko a cikinsa an ga alamar abin da ke tafe, domin a gaban wata waƙa mai suna Hot on Your Heels ya ɗauki mintoci yana kaɗa jita shi kaɗai kafin kowa ya shigo. Bayan 'yan watanni ya koma Alcatrazz, ƙungiyar mawaƙi Graham Bonnet. Shi Bonnet ba baƙon manyan masu jita ba ne: ya yi wa Blackmore waƙa a 1979, ya yi wa Schenker a 1982. Faifansu na farko ya fito a 1983, ya samu karɓuwa ƙwarai a Japan, suka je can suka yi wasa a watan Janairu na 1984.

A nan ne gardamar da na buɗe da ita ta fito fili. Ƙungiyar ta Bonnet ce, amma jama'a da yawa saurayin mai jita suke zuwa kallo, shi kuwa yana ta faɗaɗa fagensa. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Saɓani ya yi tsanani har suka rabu a cikin 1984, kuma kowannensu na da irin nasa labarin yadda abin ya faru. Steve Vai ne ya maye gurbinsa.

Abin da Ke Cikin Faifan

Tun yana Alcatrazz aka fara shirin faifan a matsayin aikin gefe na kiɗa zalla, da nufin kasuwar Japan. Da aka rabu sai ya zama shi ne jarinsa duka. Kamfanin Polydor ne ya fitar da shi. Sunan Rising Force kuwa tsohon sunan ƙungiyarsa ne tun yana Suwidin. A bangon faifan an zana hannu ya ɗaga jita daga cikin wuta, abin da zai tuna wa mai kallo hoton nan na Hendrix.

Mutum huɗu ne suka yi aikin. Malmsteen ya tsara kiɗa da kalmomi, ya kaɗa jita da babbar jita, ya kuma shugabanci ɗaukar sautin. Ɗan ƙasarsu Jens Johansson ya riƙe fiyano. Ganguna na hannun Barriemore Barlow, Baturen Ingila wanda ya daɗe a ƙungiyar Jethro Tull. Mawaƙin kuwa wani yaro ne haifaffen Burukilin mai suna Jeff Scott Soto, wanda bai cika shekara 20 ba, ba a kuma san shi ba a lokacin.

Tsawon faifan bai kai minti 40 ba. Ya buɗe da Black Star, wanda ke farawa da jitar katako a hankali, kafin ta lantarki ta shigo da wani karin sauti mai jan rai. Na biyu Far Beyond the Sun, inda jita da fiyano ke musayar martani kamar masu gasar kokawa, irin yadda Blackmore da Jon Lord suka saba yi a Deep Purple. Waɗannan biyu sun ci fiye da minti goma. Ke nan mai sauraro zai haura rubu'in faifan bai ji muryar ɗan Adam ba. Sai a na uku, Now Your Ships Are Burned, Soto ke buɗe baki. Na huɗu Evil Eye, wanda aka gina a kan wani kiɗan rawa na Johann Krieger, Bajamushen da ya girmi Bach, kuma Malmsteen ya riga ya kaɗa shi a Japan tare da Alcatrazz.

In an juya faifan, za a tarar da mafi tsawo, Icarus' Dream Suite, wanda ya haura minti takwas. Sunan daga tatsuniyar Girkawa ne, ta yaron da aka yi wa fiffike da kakin zuma ya tashi har kusa da rana, kakin ya narke ya faɗo teku. An ɗauko wani sashe nasa daga sanannen kiɗan juyayin nan da ake jingina wa Albinoni. Abin mamaki, shi wannan kiɗa ba tsoho ba ne kamar yadda ake zato. Wani masani ɗan Italiya, Remo Giazotto, shi ya buga shi a 1958, ya ce daga guntun rubutun Albinoni ya gina shi. Daga nan sai waƙa ta biyu, As Above, So Below, sai Little Savage, sai ɗan gajeren Farewell wanda bai kai minti guda ba.

Mai karatu ya duba inda aka ajiye muryar. Waƙa ɗaya a kowace fuskar faifai, kuma ba ita ke buɗewa ba, ba ita ke rufewa ba. In aka haɗa waƙoƙin biyu ba su kai minti tara ba, a cikinsu ma jita ta ɗebi rabo mai tsoka. Abin da a da ake yi wa makaɗi, watau a ba shi ɗan sarari ya nuna kansa ya koma gefe, shi ne yanzu aka yi wa mawaƙi.

Me Ya Sa Aka Bar Murya?

Tambayar da ta fi damuna ita ce: tun da ya kai shida, me ya hana shi cika takwas? A ganina dalilai uku ne.

Na farko kasuwa. Gidajen rediyon Amurka waƙa suke sakawa, tashar talabijin ta MTV kuwa, wadda aka buɗe a 1981, fuskar mawaƙi take nema. Ƙarfin da kamfanoni ke da shi a wannan zamani ba ƙarami ba ne. Alal misali, a 1986 Tony Iommi ya shirya faifai na kansa mai suna Seventh Star, amma aka matsa masa sai da aka fitar da shi da sunan Black Sabbath, alhali shi kaɗai ya rage daga cikin mutanen farko. In an yi wa wanda ya kafa kiɗan haka, ina ga baƙon yaro?

Na biyu, Malmsteen bai taɓa nufin zama makaɗin ɗaki ba. Burinsa ƙungiya irin ta Blackmore, mai cika manyan filaye, kuma taron dubban mutane yana buƙatar amshin da zai rera tare. Ko sunan faifan ma ya nuna haka: an rubuta sunan mutum, an kuma rubuta na ƙungiya.

Na uku ya shafi kunne. Kiɗa mai sauri da sarƙaƙiya yana gajiyar da mai sauraro in ya yi yawa a jere. Murya na zama kamar rumfa a tsakiyar doguwar tafiya. In Soto ya shigo, kunne ya huta, in ya fita, jita ta dawo sabuwa.

Sai dai a matsayina na ɗalibin adabi tilas in faɗi gaskiya: kalmomin waƙoƙin biyu su ne mafi rauni a faifan. Zancen fansa ne da barazana da mutuwa, irin wanda ya cika kiɗan ƙarfe na lokacin, babu wani sabon hoto ko azanci a ciki. Muryar Soto tana da ƙarfi da tashi, amma an yi amfani da ita ne kamar wani abin kiɗa na biyar. Wanda ya rubuta kalmomin da tsirkiya yake tunani.

Abin da Ya Biyo Baya

Faifan ya fara fita a Japan, 'yan kasuwa suka riƙa shigo da shi Amurka, da aka ga yana tafiya sai aka fitar da shi a can a 1985. Ya kai matsayi na 60 a jerin faifai 200 na mujallar Billboard. An sa shi cikin masu takarar lambar Grammy ta kiɗan rok marar waƙa a 1986, amma Jeff Beck ne ya ɗauka.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Da nasarar ta samu, sai lissafin ya juye. Faifansa na 1985, Marching Out, kiɗa 11 ne, takwas masu waƙa. Trilogy na 1986 kiɗa tara ne, bakwai masu waƙa, ya kai matsayi na 44. A 1987 ya yi mummunan haɗarin mota, ya yi kusan mako bai san inda yake ba, jijiyar hannunsa na dama ta taɓu. Da ya farfaɗo ya fitar da Odyssey a 1988 tare da Joe Lynn Turner, wani tsohon mawaƙin Rainbow. Kiɗa 12, tara masu waƙa, ya kai matsayi na 40, wanda shi ne mafi girma da ya taɓa samu a Amurka. Watau da murya ta ƙaru, ciniki ya ƙaru.

Amma ƙofar da ya buɗe wasu suka bi ta ciki. Kamfanin Shrapnel ya shiga fitar da faifan samari masu saurin yatsa: Tony MacAlpine da Vinnie Moore a 1986, Jason Becker da Marty Friedman a 1988, duk kiɗa zalla. A 1987 Joe Satriani ya fitar da Surfing with the Alien, babu waƙa ko ɗaya, ya kai matsayi na 29, ya wuce duk abin da Malmsteen ya samu da mawaƙansa. Abin dariya, shi ma Satriani da ya zo faifansa na 1989 sai ya buɗe baki ya rera wasu da kansa. Steve Vai kuwa a 1996 ya raba faifansa Fire Garden gida biyu, kashin farko na kiɗa, na biyu na waƙa. Kowa dai na neman inda ma'aunin zai daidaita.

Har jami'o'i ma zancen ya shiga. A 1993 masanin kiɗa Robert Walser ya buga littafi a kan kiɗan ƙarfe, inda ya yi nazarin yadda Blackmore da Van Halen da Rhoads da Malmsteen suka ari kayan tsoffin makaɗan Turai, da irin darajar da suke nema da wannan aro.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1991 ƙungiyar Nirvana ta fito da wani salo mai sauƙi wanda bai damu da nuna gwaninta ba, matasan Amurka suka bi ta, kasuwar masu saurin yatsa ta faɗi. Japan ce ta riƙe Malmsteen; faifansa Fire & Ice na 1992 ya zo na ɗaya a can. A 1998 ya cika tsohon burinsa, ya fitar da wani dogon kiɗa na jita da ya ɗauka tare da babbar ƙungiyar makaɗan ƙasar Cek, babu mawaƙi a gaba.

Game da mawaƙa kuwa, daga 1984 zuwa 2010 manya takwas ne suka bi ta hannunsa: Soto, Mark Boals, Turner, Göran Edman, Michael Vescera, Mats Levén, Doogie White da Tim Owens. Babu wanda ya zauna. Daga 2012 sai ya daina ɗaukar kowa, ya koma rerawa da kansa. Faifansa Parabellum na 2021 kiɗa goma ne, shida zalla, huɗu masu waƙa, muryar kuma tasa ce. Bayan shekara 37 ya dawo kusa da inda ya fara.

Kammalawa

Masu suka sun daɗe suna cewa kiɗan Malmsteen sauri ne ba tausayi, kuma ya maimaita kansa fiye da kima. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, musamman game da wasu ayyukansa na baya-baya da na masu kwaikwayonsa. Amma ban yarda wannan hukunci ya hau kan faifan 1984 ba. Wanda ya saurari Black Star sau biyu zai iya tashi yana rera karinsa da baki, ko da bai san sunan tsirkiya ɗaya ba. Wannan ne sirrin da yawancin mabiyansa suka kasa ganewa. Sun ɗauki saurin, sun bar karin. Satriani ya gane, shi ya sa ya ci kasuwa ba tare da mawaƙi ba.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, mai sauraro yana son abin da zai ɗauka ya tafi da shi gida. Mawaƙi na ba shi wannan cikin sauƙi, domin kalma da murya kayan kowa ne. Makaɗin da ya ce zai kori mawaƙi ya ɗauki nauyin yin aikinsa, tilas jitarsa ta yi waƙa. Inda ta yi, kamar a Black Star da Far Beyond the Sun, har yau ana kaɗa su a duk inda ya yi wasa. Inda ba ta yi ba, sai 'yan'uwansa masu jita kaɗai ke zama su saurara.

Haka kuma akwai batun adalci ta fuska biyu. Rising Force ya ƙwato wa makaɗi suna da daraja, bayan shekarun da ya yi yana tsaye a bayan wani. Amma jerin mawaƙa takwas ɗin nan ya nuna cewa da bara ya zama maigida, shi ma bai iya zama da abokin aiki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ko faifan da ya fi kowane nuna ikon mutum ɗaya sai da ya nemi hannun Johansson da Barlow da muryar Soto.

Ina fata 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, in mun zo nazarin waƙa mu riƙa tambayar me kiɗan ke faɗa a wurin da mawaƙi ya yi shiru, kuma sunan wa aka rubuta, na wa aka bari. A nan zan dakata.